Tsanin Ƙarin Girma ga Shugabannin Ma'aikatan Jinya: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa sun fi fitowa daga bakin mutum uku: nas ɗin da aka danƙa wa sashe tana son sanin abin da ke gabanta, shugabar da ta daɗe a kujera ɗaya har ta fara tunanin ajiye aiki, da jami'an asibiti da aka ɗora wa tsara yadda za a riƙa ɗaga mutane. Na fi cewa "ita" saboda kusan tara cikin goma na ma'aikatan jinya a duniya mata ne, amma maganar ta haɗa har da maza.

1. Me ake nufi da tsanin ƙarin girma?

Rubutaccen tsari ne da yake nuna matakan da shugabar jinya za ta taka, abin da ake nema a wurinta a kowane mataki, waɗanda za su duba ko ta cika sharuɗɗan, da abin da za ta samu idan ta hau. Abu huɗu ke nan, kuma in ɗaya ya ɓace tsanin ba zai ɗauki mutum ba. Asibitoci da yawa suna da zanen muƙamai manne a bango, daga babbar shugaba har zuwa ƙasa, suna ɗauka shi ne tsani. Wancan zanen wa ke saman wa kawai yake nunawa. Tsani kuwa amsa yake ba tambayar da ma'aikaciya take yi a ranta: ni da nake nan, me zan yi, a cikin wane lokaci, kafin in kai can?

2. Daga ina wannan tunani ya fito?

Da nas-nas na bakin gado aka fara. A 1972 wata shugabar jinya a Amurka, Marie Zimmer, ta buga maƙala tana kira da a yi wa masu kula da majinyata tsani nasu na kansu. Abin da ya dame ta shi ne, a wancan zamani nas ɗin da ta ƙware ba ta da hanyar samun ƙarin girma sai ta bar majinyata ta koma ofis ko aji. Da sunan saka mata, sai asibiti ya raba majinyata da gwanarsu.

A 1984 Patricia Benner ta bayyana matakai biyar da nas take bi, daga sabuwar shiga har zuwa cikakkiyar gwana. Ta ɗauko tsarin ne daga wasu 'yan'uwa biyu, Stuart da Hubert Dreyfus, waɗanda suka yi nazarin yadda mutane irin su matuƙan jirgin sama suke ƙwarewa. Akwai magana ɗaya a cikin bayanin Benner da ta shafi shugabanni kai tsaye: gwana a wani fanni, idan aka kai ta fannin da ba ta saba da shi ba, sabuwar shiga take komawa. Nas ɗin da ta shekara goma sha biyar a ɗakin kulawa ta musamman, ranar da aka ba ta shugabanci, ranar ta fara koyon wata sana'a daban. Tsanin bakin gado ya yaɗu, amma an daɗe ba a yi wa shugabannin sassa irinsa ba, saboda ana ganin ai su sun riga sun hau.

3. To ai sun riga sun samu ƙarin girma. Me za su yi da wani tsani?

A ɗauki asibiti mai sassa ashirin. Shugabannin sassa ashirin ne, a samansu wataƙila daraktoci huɗu, sai babbar shugabar jinya guda ɗaya. Kujerun sama ba sa buɗewa sai wani ya yi ritaya ko ya canja wurin aiki. Saboda haka mace tana iya shekara goma tana riƙe da sashe, aikinta na bana ya ninka na shekarar farko inganci, amma sunan muƙaminta da matsayinta suna nan yadda suke. Wadda aka naɗa jiya da ita duk ɗaya ne a takarda.

Ga kuma nauyin kujerar. Shugabar sashe ita ke amsa tambaya a kan duk abin da ya faru a sashenta dare da rana, ko tana nan ko tana gida: jadawalin aiki, kasafin kuɗi, ɗaukar sabbin ma'aikata, ladabtar da mai laifi, koken dangin majinyaci, kuskuren magani, majinyacin da ya faɗo daga gado. Hukuma tana matsa ta daga sama, ma'aikata suna kawo kuka daga ƙasa. Wadda take ɗauke da wannan kaya ba ta ga hanya a gabanta ba, tafiya za ta yi, kuma ba ta tafiya ita kaɗai. Nas-nas da yawa saboda shugabarsu suke zama a sashe, idan ta fita sai su ma su fara neman canji.

4. Matakai nawa ya kamata a yi?

Jerin da aka fi sani yana da biyar: mai jagorantar duti guda, mataimakiyar shugabar sashe, shugabar sashe, darakta ko matiron mai kula da sassa da yawa, sai babbar shugabar jinya ta asibiti. Sunaye suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, tun 2004 hukumar lafiya ta NHS take amfani da tsarin albashi mai suna Agenda for Change. A cikinsa sabuwar nas tana farawa a rukuni na 5, mataimakiyar shugabar ɗaki takan kasance a na 6, shugabar ɗaki a na 7, matiron a 8a, manyan shugabanni kuma su haura har zuwa na 9.

Wannan jeri yana da amfani, amma shi kaɗai bai warware matsalar tambaya ta 3 ba, domin kowane hawa yana jiran kujera ta buɗe. Shawarata ita ce a ƙara matakai uku a cikin muƙamin shugabar sashe shi kansa. Bayanin yana amsa ta gaba.

5. Yaya mutum zai hau sama ba tare da ya bar sashensa ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi damuwa da ita a duk shafin nan. Idan hanyar ci gaba guda ɗaya ce, wato nisantar majinyata, to asibiti da hannunsa yake kwashe waɗanda suka fi iya shugabanci daga inda aka fi buƙatarsu. Kuskuren da Zimmer ta gani a 1972 ne ake maimaitawa, sai dai hawa ɗaya sama.

Ga yadda matakai ukun za su kasance. A na farko, sabuwar shugaba tana koyon riƙe sashenta: ta fitar da jadawalin da ba ya barin giɓi, ta karanta kasafin kuɗi ta gane shi, ta iya zaunar da ma'aikaciyar da ke makara ta yi mata magana ba tare da ta wulaƙanta ta ba. Tana da wadda ke rainonta, kuma ba a ɗora mata aikin kwamitoci. A na biyu, sashen ya tsaya da ƙafarsa shekara biyu ko uku a jere, ta jagoranci wani gyara daga farko har ƙarshe, kuma ta fara tarbiyyar wadda za ta gaje ta. A na uku, ana jin tasirinta a wajen sashenta: ita ke rainon sabbin shugabanni, ita ke jan ragamar aikin da ya shafi asibiti baki ɗaya, kamar rage cututtukan da majinyata ke ɗauka a gadon asibiti, ana kuma kiranta idan za a yanke shawarar kasafi. Duk wannan tana nan a sashenta, ma'aikatanta suna ganinta kowace safiya.

Muhimmancin wannan gani na kowace safiya ya fito fili a Ingila. Rahoton Robert Francis na 2013, wanda ya binciki gazawar kula da majinyata a asibitin Stafford, ya ba da shawarar cewa shugabar ɗaki ta kasance mai sa ido a cikin ɗakin, kada a ɗaure ta a ofis, kada kuma a lissafa ta cikin masu cike giɓin duti sai in larura ta taso. Tsanin da ke saka wa mace don ta zauna ta gyara sashenta yana tafiya da wannan shawara. Wanda ke cewa sai ta fita kafin a ɗaga ta yana saɓa mata.

6. Wace irin ƙwarewa ake aunawa a kowane mataki?

Ba sai an ƙirƙiro daga babu ba. Ƙungiyar shugabannin jinya ta Amurka, AONL, ta daɗe da kasa ƙwarewar shugabar sashe gida uku: tafiyar da harkar aiki, jagorancin mutane, da gina kai. Na farko ya ƙunshi kuɗi, ma'aikata, inganci da fasahar zamani. Na biyu ya ƙunshi mu'amala, sasanta rikici, da shigar da ma'aikata cikin yanke shawara. Na uku shi ne sanin kai da ɗaukar alhaki, da shirya wa gaba. Asibiti yana iya ɗaukar wannan ya daidaita shi da halin da yake ciki.

Inda ake tuntuɓe shi ne wurin rubuta sharuɗɗan. "Tana da kyakkyawar mu'amala" ba sharaɗi ba ne, domin kowa zai fassara shi yadda ya so. A rubuta abin da ido zai gani: ta gudanar da taron ma'aikata a kai a kai, akwai rubutaccen bayanin abin da aka yanke da abin da aka aiwatar, ta warware saɓani tsakanin masu aikin dare da na rana, ga yadda ta bi, ga abin da ya biyo baya. Kowane sharaɗi ya zo da irin shaidar da za a karɓa.

7. Shekarun aiki kaɗai ba su isa ba?

Shekaru suna da daraja, kuma ban yarda da masu son share su gaba ɗaya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Shugabar da ta ga annoba, ta ga yajin aiki, ta ga mutuwar da ta girgiza sashe, tana da natsuwar da ba a koyarwa a aji. Saboda haka a sa shekaru su zama ƙofar shiga: misali, ba a neman mataki na biyu sai an shekara biyu a na farko. Amma idan shekaru kaɗai ke ɗaga mutum, an gaya wa mai himma ke nan cewa himmarta ba za ta gaggauta komai ba, an kuma gaya wa mai sakaci cewa sakacinta ba zai hana komai ba. Shekaru su buɗe ƙofa, shaidar aiki ta shigar da mutum.

8. Dole ne sai da digiri?

A wasu wurare, e. Shirin Magnet na Amurka, wanda ya samo asali daga nazarin 1983 a kan asibitoci 41 da suka iya riƙe ma'aikatan jinyarsu a lokacin ƙaranci, yana ba asibitoci lambar inganci tun 1994. Daga 2013 ya wajabta cewa kowace shugabar sashe a asibitin da ke neman lambar ta mallaki aƙalla digiri na farko a fannin jinya. Akwai kuma takardun shaidar ƙwarewa na shugabanci da ake samu ta hanyar jarrabawa, irin su CNML da NE-BC. Ana yawan kafa hujja da binciken Linda Aiken da abokan aikinta da mujallar Lancet ta buga a 2014, a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, wanda ya nuna cewa duk ƙarin kashi 10 cikin ɗari na nas-nas masu digiri yana tafiya da raguwar kashi 7 cikin ɗari na haɗarin mutuwar majinyaci bayan tiyata. A lura, binciken a kan masu aikin bakin gado aka yi shi, amma zai yi wuya a nemi ilimi a wurin ma'aikata a yafe wa mai jagorantarsu.

Abin da nake roƙo shi ne adalci ga waɗanda aka tarar a kujera. Macen da ta riƙe sashe shekara goma sha biyu da difloma, kada a wayi gari a ce mata hanya ta rufe. A ba ta wa'adi mai ma'ana, a ba ta hutun karatu, a taimaka da kuɗin makaranta. Sharaɗin digiri ba tare da wannan tallafi ba, masu hali kawai yake ɗagawa.

9. Nas ɗin da ta fi kowa iya aiki, ba ita ta fi cancanta da shugabanci ba?

Wani lokaci ita ce, wani lokaci ba ita ba ce. Laurence Peter ya yi wannan gargaɗi tun 1969: idan ana ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake yi yanzu, za a ci gaba da ɗaga shi har ya isa aikin da bai iya ba, ya tsaya a nan. Hannun da ya iya samun jijiyar jariri ba lallai ne ya iya raba hutun ƙarshen shekara tsakanin mutum talatin ba tare da an yi faɗa ba.

Magani biyu ne. Na farko, a gwada mutum kafin a naɗa shi: ta jagoranci duti, ta riƙe sashe a matsayin muƙaddashiya lokacin da shugaba take hutu, a ga yadda ta yi, ita ma ta ji ko tana so. Na biyu, a tabbata tsanin bakin gado yana nan da ransa, yana kaiwa ga albashi da martaba daidai da na shugabanci. In ba haka ba, mutane za su karɓi kujerar da ba sa so don kawai ita ce hanyar ƙarin albashi. Kuma wadda ta gwada ta ga ba ta dace ba, a bar mata hanyar komawa cikin mutunci.

10. Wa zai yanke hukuncin wanda ya cancanci hawa?

Kwamiti, ba mutum ɗaya ba. Ya ƙunshi darakta, shugabannin sassa da suka riga suka hau matakin, da wakilin ofishin kula da ma'aikata. Mai nema ta gabatar da kundin shaidun aikinta, ta zauna da kwamitin ta yi bayani. A sanar da lokutan karɓar buƙata tun farkon shekara, sau ɗaya ko sau biyu. Wadda ba ta samu ba a ba ta dalili a rubuce, da abin da ya rage mata, da damar ɗaukaka ƙara. Duk ɗan kwamitin da ke da dangantaka ta kusa da mai nema ya janye daga zaman.

Ana yin duk wannan ne don tsoron abu guda: ranar da ma'aikata suka gamsu cewa "wa ka sani" ke ɗaga mutum, tsanin ya mutu ko da takardarsa tana nan. Kundin shaidu kuma kada ya zama dutse. Idan haɗa shi yana cin dare goma na mace mai aiki da iyali, waɗanda suka fi cancanta su ne ba za su nema ba, saboda su ne aiki ya fi yi wa yawa.

11. Adalci ne a auna shugaba da alƙaluman sashenta?

Adalci ne idan an yi hattara. Yawan masu barin aiki, gyambon kwanciya, faɗuwar majinyata, gamsuwar majinyata da ma'aikata, duk suna faɗin wani abu game da shugabanci. Amma sashen tsofaffi da sashen haihuwa ba ɗaya ba ne, don haka a kwatanta sashe da yadda shi kansa yake a baya, ko da sassa irinsa. Wadda ta karɓi sashen da ya lalace ta ɗaga shi zuwa tsaka-tsaki ta fi wadda ta gaji sashe mai kyau ta bar shi yadda yake.

Akwai abin da ba a hannunta yake ba. Binciken Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ya nuna cewa duk ƙarin majinyaci ɗaya a kan nas yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na haɗarin mutuwa cikin kwana 30. Idan hukuma ce ta hana ɗaukar ma'aikata, bai dace a hana shugabar sashe ƙarin girma saboda sakamakon hakan ba. Haɗari mafi girma kuwa shi ne ɓoye kuskure. Idan ƙarancin rahoton kuskure ke kawo ƙarin girma, rahoton ne zai ragu, kuskuren yana nan. Sashen da ma'aikatansa ke kai rahoto ba tare da fargaba ba, sau da yawa shi ne mai shugaba tagari. A duba abin da aka yi bayan kuskuren, ba yawansa kawai ba.

12. Yawan mutanen da ke ƙarƙashin shugaba yana shiga lissafi?

Dole ya shiga. Binciken da Diane Doran da abokan aikinta suka yi a lardin Ontario na Kanada a 2004 ya gano cewa idan mutanen da ke ƙarƙashin shugaba suka yi yawa, amfanin kyakkyawan salon jagorancinta yana raguwa. Mai mutum tamanin a sassa biyu ba za ta san damuwar kowa ba, balle ta yi rainon magajiya ko ta jagoranci aikin asibiti baki ɗaya, waɗanda su ne sharuɗɗan hawa a tambaya ta 5. Kafin a ƙaddamar da tsani a ƙirga mutanen kowace shugaba. Inda suka yi yawa a ba ta mataimakiya da mai taimaka mata da aikin takardu. Kada kuma a mayar da ƙara wa mutum sashe na biyu ya zama shi ne ƙarin girma. Ƙarin kaya ne.

13. Dole ne kowane mataki ya zo da ƙarin albashi?

E, ko da kaɗan ne. Sabon suna ba tare da komai a aljihu ba, mutane ba sa daɗewa kafin su gane shi. Akwai ma wata matsala da ba a cika faɗa ba: nas ɗin da ta karɓi shugabanci takan rasa alawus na aikin dare da kuɗin ƙarin lokaci, har abin da take kaiwa gida ya gaza na wasu da ke ƙarƙashinta. Masu tsara tsani su lissafa wannan tun a mataki na farko, su kwatanta abin da ke shiga hannu, ba adadin da ke kan takardar naɗi ba.

Bayan kuɗi, abin da shugabanni suka fi nema shi ne lokaci: rana guda a mako da ba za a ja ta cike giɓin duti ba, hutun karatu, halartar taron ƙwararru, da kujera a inda ake yanke shawara. Idan asibiti ba shi da halin ƙarin albashi a bana, ya faɗi gaskiya, ya fara da waɗannan, ya kuma sa ranar da kuɗin zai biyo baya. Alkawarin da ba a cika ba ya fi rashin tsanin illa.

14. Mene ne alaƙar tsani da shirya magada?

Tsanin yana farawa tun kafin naɗi. A asibitoci da yawa, shugaba tana ajiye aiki sai a kira wadda ta fi daɗewa a ce mata daga gobe ke ce. Ba ta taɓa ganin kasafin kuɗi ba, ba ta taɓa zama a intabiyun ɗaukar ma'aikaci ba. Gyaran shi ne a buɗe shirin share fage ga duk mai sha'awa, na wata shida zuwa shekara: ta bi shugaba tana kallo, ta haɗa jadawali a duba mata, ta riƙe sashe na ɗan lokaci. A buɗe shi ga kowa da sanarwa, domin idan shugabanni ne kaɗai ke zaɓar wanda za su raina, masu kama da su za su zaɓa. Mai raino kuma ta zama daban da wadda ke rubuta wa mutum rahoton shekara, don a samu wanda za a gaya wa "ban iya wannan ba" ba tare da tsoro ba.

15. Yaya za a hana tsanin barin wasu a baya?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa mata ne kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya, amma kusan kashi 25 kacal na manyan muƙamai suke riƙewa. Rahotonta na 2020 kuma ya ƙiyasta ma'aikatan jinya miliyan 27.9 a duniya, da giɓin miliyan 5.9. Sana'ar da ke cikin irin wannan ƙaranci ba ta da halin zubar da masu iya shugabanci saboda dokokin da ba a yi tunani a kansu ba.

A duba ƙananan abubuwa. Hutun haihuwa kada ya mayar da lissafin shekaru baya. Mai aikin rabin lokaci a auna ta da ingancin abin da ta yi. Masu aikin dare, waɗanda hukuma ba ta cika gani ba, a sa horo da tarurruka a lokacin da za su iya halarta. Kowace shekara a duba su wa suka nema, su wa suka samu, a ga ko akwai rukunin da kullum yake ƙasa.

16. Wadda ta hau za a iya saukar da ita?

Tsare-tsare da yawa suna sabunta mataki lokaci-lokaci, kuma hakan daidai ne. Amma ya kamata sabuntawa ta fi neman farko sauƙi. Wadda aikinta ya ja baya a fara tambayar dalili, ko rashin lafiya, ko ƙarancin ma'aikata kamar yadda aka ambata a tambaya ta 11, a ba ta wa'adin gyara da tallafi. Saukarwa ta zo ƙarshe, bisa ƙa'idar da aka rubuta tun farko.

17. Ƙaramin asibiti ne, shugabannin sassa ba su fi biyar ba. Daga ina za mu fara?

Ku zauna da su biyar ɗin ku tambaye su abin da ya bambanta sabuwar shugaba da gogaggiya a wurinku. Amsoshinsu su ne sharuɗɗanku na farko, kuma tsarin da suka sa hannu a gininsa za su kare shi. Matakai biyu sun isa. Ku gwada shekara guda, ku gyara. Don kwamiti, ku gayyato shugabar jinya daga wani asibitin, saboda a ƙaramin wuri kowa ya san kowa. Kafin farawa ku rubuta inda kuke: shugabanni nawa suka tafi cikin shekara uku da suka wuce, wata nawa kujera take yi babu kowa, naɗi nawa aka yi daga cikin gida. Da waɗannan za ku gane ko tsanin yana aiki. Idan shekara ta wuce babu wadda ta nema, ku je ku tambaye su me ya hana.

18. Asibitinmu ba shi da tsani ko kaɗan. Ni me zan yi?

Ki fara tara shaidarki tun yau. Ki buɗe fayil, duk wata ki rubuta abin da kika gyara, yadda yake kafin ki taɓa shi da yadda ya koma, wa kika horar, wane kwas kika yi, ba tare da sunan majinyaci ko bayanin da zai tona shi ba. Ki ɗauki rukunai ukun da ke tambaya ta 6 ki auna kanki, ki zaɓi wanda kika fi rauni a ciki. Ga nas-nas da yawa, a harkar kuɗi raunin yake, don haka ki nemi akawun asibiti ya zauna da ke awa ɗaya ya bi kasafin sashenki layi-layi.

Sannan ki nemi ganin shugabarki, ki tambaye ta a fili: me kike son gani a wurina kafin ki ce na isa mataki na gaba? Ki rubuta amsar, ki aika mata da ita don ta tabbatar, ki nemi ku sake zama bayan wata shida. Idan akwai wasu shugabannin sassa da ke da irin damuwarki, ku haɗa shawara ta shafi biyu, da matakan da kuke so da abin da kowanne zai ci, ku kai wa babbar shugabar jinya kafin lokacin haɗa kasafin shekara mai zuwa.